Yadda ƙungiyar makaɗa za ta wasa hannu da murya kafin hawa dandamali

Duk wanda ya saba zuwa dinar biki ya san yadda waƙar farko take fita. Muryar jagora a shaƙe, mai kalangu yana gudu kamar an biyo shi, 'yan amshi sun shigo a makare, sifika ta ƙwalla ƙara har mata suna toshe kunne. Sai an kai waƙa ta uku kiɗa yake zama. Abin haushin shi ne a waƙar farkon nan ake shigo da ango da amarya, lokacin da kowa ya ɗaga waya yana ɗauka, don haka mintunan da ƙungiya ta fi rauni su ne za su yi ta yawo a WhatsApp da TikTok.

Minti 10 na farko na kowane kiɗa ɗanye ne, komai gwanintar masu yi. Hannu bai saki ba, maƙogwaro bai buɗe ba, fata da tsarkiya ba su saba da iskar wurin ba, kunnen kowa bai kama na ɗan'uwansa ba. Dabarar ita ce a ƙone waɗannan mintuna a bayan fage, inda babu mai ji. Tsarin da ke ƙasa na ƙungiya ce mai mutum 9 ko 10 irin wadda ake ɗauka a Kano ko Kaduna ko Damagaram: jagora, 'yan amshi 3, masu kalangu 2, mai piyano, mai jita, mai bas, wani lokaci har da mai goge. An ce su hau da ƙarfe 8:30 na dare a ɗakin taro.

A bambanta abu uku tun yanzu. Atisaye shi ne koyon waƙa da gyara ta, kuma kwanaki kafin biki ake gama shi, ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin sauti aikin na'urori ne. Wasa hannu da murya kuwa aikin jiki ne da kunne. Ƙungiyoyi da yawa suna cuɗa ukun wuri ɗaya, su ɓata awa guda suna gardama a kan baiti, a ƙarshe babu wanda aka yi.

Lissafi daga baya ake faro shi. Idan hawa 8:30 ne, kowa ya yi shiru daga 8:20. Haɗa kunne, wato gwada kiɗa tare don kowa ya kama na ɗan'uwansa, daga 8:05, motsa jiki da murya daga 7:45, gwajin sauti ya ƙare kafin Magariba tun baƙi ba su fara shigowa ba, isowa kuma ƙarfe 5:00. A cire lokacin Magariba da Isha'i a cikin lissafin, a kuma duba lokacinsu na watan da ake ciki, tunda yana motsawa.

Tun da rana

Ruwan da ka sha yanzu ba ya bi ta kan tantanin murya, hanyar ciki yake bi, sai jiki ya tsotse shi kafin danshinsa ya kai maƙogwaro. Saboda haka mawaƙi ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tun safe. Wanda ya ɗaga gora guda ya shanye daf da hawa, fitsari kawai ya tara wa kansa. Abinci mai nauyi a ci shi awa 2 zuwa 3 kafin waƙa. Tuwo da miya mai yaji da mai, idan aka hau a kansu, ciki ya cika ya hana numfashi sauka, ƙwannafi kuma ya taso ya ƙona maƙogwaro. Abincin biki a sa a ajiye muku sai an sauko.

Alawa mai sanyaya maƙogwaro tana da yaudara. Sanyin da take sa wa yana rufe zafin da ke gaya maka cewa ka matsa wa murya, sai ka ci gaba da matsawa. Ruwan ɗumi ya fi ta. A cikin mota kuma a rage hira da ƙarfi, domin magana a kan ƙarar inji da rediyo tana gajiyar da murya sosai.

Kaya su sha iskar ɗaki

Da isowa, kafin a taɓa waya ko ɗaya, a fito da kalangai da goge da jita daga jakunkunansu a ajiye su inda za a yi wasa, su yi minti 20 zuwa 30. Kayan da suka kwana a but ɗin mota cikin zafin bazara, aka shigo da su ɗaki mai esi, ba za su tsaya a muryar da aka saita su ba sai sun huce.

Fata tana bin yanayi. Da damina takan sha laima ta saki, sai kalangu ya riƙa amo dum-dum, ko an matse tsarkiya a hammata muryar sama ba ta fita sosai. Maganinsa ɗumi mai sauƙi: a shanya a hantsi tun a gida, ko a kanga shi nesa da garwashi ana juyawa ana ɗan bugawa da yatsa har amon ya tashi. Idan tafin hannunka ba zai jure zafin wurin ba, fatar ma ba za ta jure ba. Da hunturu kuwa matsalar ta juya: fata ta bushe ta ɗame, bugu mai ƙarfi na farko yana iya fasa ta. A shafa ta da tafin hannu mai ɗan danshi, a fara da bugu a hankali. Mai kalangu ya bi tsarkiya ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya nemi wadda ta fara cinyewa, ya kuma zo da sandar bugu biyu. Mai kotso ya duba naken tsakiyar fata, idan ya tsattsage ko ya ɓamɓare amon zai mutu. Masu amada ma suna da nasu: ƙwaryar da aka kife a ruwa, muryarta tana bin yawan iskar da ke ƙarƙashinta, don haka a wurin wasa ake daidaita ta bayan an zuba ruwa.

Mai goge ya goga ƙaro a izgar baka daidai yadda za ta kama. Idan ya yi kaɗan baka ya riƙa santsi, idan ya yi yawa sauti ya yi kaushi. Ya duba jaki, ɗan itacen da tsarkiya ke hawa, ya tabbata bai zame ba.

Jita ana saita ta E, A, D, G, B, E daga tsarkiya mai kauri zuwa siririya, bas kuma E, A, D, G. Kullum daga ƙasa ake hawa zuwa muryar da ake nema. Idan ka wuce, sassauta ka sake hawowa, in ba haka ba tsarkiyar za ta zame a tsakiyar waƙa. Sababbin tsarkiyoyi a sa su kwana 1 ko 2 kafin biki a jajja su da hannu, domin sabuwar tsarkiya miƙewa take yi. A sake saitawa bayan an kunna fitilun dandamali, zafinsu yakan saukar da murya.

Piyano shi ne ma'auni tunda muryarsa ba ta motsi, amma a duba abu biyu a jikinsa: saitin murya yana kan 440, maɓallin ɗaga ki (tsayin muryar da ake yin waƙa a kai) ko sauke shi kuma yana kan sifiri. Sau da yawa an bar shi a kan 2 ko 3 tun bikin jiya, sai mai jita ya yi ta zargin kunnensa. Inda akwai goge, ya fi sauƙi piyano ya bi gogen da muryar jagora, tunda maɓalli ɗaya zai danna, a rubuta lambar a gefen sunan waƙar.

Wuta da gwajin sauti

A tambayi masu ɗakin tun farko: da wutar gari za a yi ko da janareta? Da wadda za a yi wasa da ita za a yi gwaji. A bar janareta ya yi 'yan mintuna ya daidaita kafin a ɗora masa kaya, a bi ta sitabilaiza, kuma duk kayan sauti su sha daga layi ɗaya, dabam da na esi da firji da fitilu. Gunjin nan na "huuum" da ke fita a sifika yawanci daga haɗa layuka yake. Wasu kan karya ƙafar filogi ta uku don su kashe shi. Kada a yi, wannan ƙafar ce ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa. Idan makirfo ya ɗan ja leɓen mawaƙi, ko mai jita ya ji tsiri-tsiri a yatsa, a kashe komai a nemo mai gyaran wuta.

Wajen kunnawa, kayan kiɗa da miksa ne farko, amfilifaya da sifiku a ƙarshe. Wajen kashewa a juya: sifiku farko. Wanda ya saɓa wannan zai ji "ɗum" mai iya ƙona ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti. Makirfo marar waya a sa masa sabon batir, a ajiye wasu a aljihun mutum ɗaya da kowa ya sani.

Masu sauti da yawa da ganguna suke farawa. A waƙar Hausa ya fi kyau a fara da muryar jagora, domin mutane kalmomi suka zo ji, musamman sunayensu da na iyayensu. A ɗaga muryarsa zuwa inda take fita tas ba tare da sifika ta yi kuka ba, wannan ya zama rufi, sauran kaya su shigo a ƙarƙashinsa: kalangai, bas, piyano, jita, goge, sannan 'yan amshi. Kowa ya buga shi kaɗai, sauran su yi shiru. Shirun nan shi ne ya fi wuya, mai jita musamman hannunsa ba ya zama.

Jagora kada ya tsaya a "halo, halo". Ya rera baitin da ya fi ƙarfi a waƙarsa, da irin muryar da zai yi a gaban jama'a, mai sauti ya murɗa gen, maɓallin ƙarfin sautin da ke shiga miksa, har jar fitila ta kusa kamawa sannan ya ɗan dawo baya. Wanda ya yi gwaji da sanyin murya ya hau ya ɓarke, sautinsa fashewa zai yi. Makirfo ya tsaya kamar yatsa biyu daga baki, a riƙe shi a jiki. Dunƙule kansa da tafin hannu yana toshe ramukan bayansa, sai ya fara ɗaukar sauti ta ko'ina, kuka ya tashi. Makirfo irin su Shure SM58 bayansu ne ba ya ji, don haka monita, sifikar da mawaƙa ke jin kansu da ita, ta zauna a ƙasa daidai bayan makirfon tana kallon fuskar mawaƙi, manyan sifiku kuma su kasance gaba da layin makirfo. A danna maɓallin yanke ƙasa, mai lamba 80 ko 100, a kan duk muryoyi. Eko a sa shi kamar gishiri, ɗaki mai tayil da gilashi ya riga ya ba da nasa. Makirfon kalangu ya tsaya kamar taƙi ɗaya daga fatar da ake bugu, a yi wa makaɗin alama a ƙasa da salatif, domin in kiɗa ya yi daɗi matsawa yake yi.

Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Idan bangon ƙarshen ɗaki yana nisan mita 20, abin da ya dawo daga can ya makara da fiye da kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa, kuma makaɗin da ba ya jin 'yan'uwansa a kusa shi zai riƙa bi, kiɗa ya yi ta ja da baya. Shi ya sa masu kalangu da mai bas za su tsaya kusa da juna, inda suke ganin hannun juna. A kuma tuna ɗakin da babu kowa ya fi amsa kuwwa. In ya cika da mutane da manyan riguna zai shanye sauti, mai sauti ya bar wa kansa sararin ƙari.

Jiki

Minti 5 ya isa. Tafiya da sauri ko ɗan tsalle a wuri ɗaya har jini ya motsa, juya kafaɗu gaba da baya sau 10, karkata wuya hagu da dama a hankali, girgiza wuyan hannu, buɗe yatsu da dunƙule su sau 20. Mai kalangu ya kula da kafaɗar da ke ɗaukar maratayi da damtsen da ke matsa. Ya fara bugu a rabin gudun waƙa, ya bi muryar ƙasa da ta tsakiya da ta sama, sannan ya ƙara sauri. Hannu mai sanyi da aka tilasta wa gudu shi ne ke ƙagewa a waƙa ta biyu.

Murya

Nan ne ake yawan yin ɓarna, ko dai a ƙi yi sam, ko a yi da ƙarfin da murya za ta gaji tun ba a hau ba. Minti 12 zuwa 15, jagora da 'yan amshi tare, a tsaye, a wani ɗaki ko lungu nesa da hayaƙin janareta da turaren wuta.

A fara da numfashi. Hannu a kan haƙarƙari, a shaƙa ta hanci ana ƙirga 4, a ji haƙarƙari da ciki sun buɗe, kafaɗa ba ta ɗaga ba. A saki da "sss" ana ƙirga 12, sannan 16. Sau 5. Daga nan a rufe baki a yi "mmm" a muryar magana ta yau da kullum, haƙora ba su haɗu ba, har a ji leɓe da hanci suna kaɗawa. Idan a maƙogwaro ake jin nauyin, an matsa da yawa.

Sai kaɗa leɓe, "brrr", irin na yaro mai kwaikwayon babur, ana hawa ana sauka a hankali. Wanda leɓensa ya ƙi kaɗawa ya tallafi kumatunsa da yatsu biyu. Wanda ya fi wannan sauƙi shi ne bututun shan lemo: a zuba ruwa a kofi, a nutsa bakin bututun kamar santimita 2 ko 3, a rera "uuu" ta cikinsa har ruwa ya riƙa ɓulɓula a jere. Iskar da ke komawa baya tana sa tantanin murya ya kaɗa ba tare da ya bugi juna da ƙarfi ba. Minti 2 ko 3, a bi da karin waƙar farko ta cikin bututun. Abin da ban dariya a ido, amma muryar da ta kwana tana aiki a bikin jiya ta fi kowa jin amfaninsa.

Bayan haka a buɗe baki: ma, me, mi, mo, mu, ana bin piyano ko wayar da ke ba da murya, daga tsakiya a sauka ƙasa tukuna, sannan a hau. Muryar ƙololuwa a taɓa ta sau 1 ko 2 a bari. Sai harshe. Baƙaƙen ƙ da ɗ da ɓ da ts su ne ke fara ɓacewa a makirfo idan baki ya yi nauyi, kuma karya-harshen da aka sani tun yarinta yana gyara su: kwaɗo ne zai ƙwace wa ƙato ƙoto, ko ƙato ne zai ƙwace wa kwaɗo ƙoto. A hankali sau 2, da sauri sau 2.

Jagora ya ɗauko takardar sunayen da zai ambata, ya karanta su a bayyane gaban wani ɗan gidan biki: sunan uban amarya, sarautarsa, garinsu, wanda ake ce wa Alhaji da wanda ake ce wa Malam, da wanda za a fara kira. Kuskuren ki mutum 5 ne za su lura a ɗakin. Kuskuren sarauta kuwa har gida za a kai maganar.

Abu biyu a guje musu: kakari da raɗa. Gyaran murya da ƙarfi yana goga tantanin a juna, a kurɓi ruwa a haɗiye ya fi. Raɗa da matsi kuma gajiyarwa take, mai son hutar da murya ya yi shiru kawai. Wanda ya tashi da dusasshiyar murya ko zafi wajen haɗiya, a sauke masa ki da mataki 1 ko 2, a bar wa 'yan amshi wuraren hawa. Dushewar da ta wuce mako 2 zuwa 3 ta likitan kunne da hanci da maƙogwaro ce.

Haɗa kunne

Wannan shi ne minti 15 da aka fi tsallakewa, alhali saboda shi ake kiran ku ƙungiya. A yi da'ira, fuska da fuska, ba tare da sifika ba. Piyano da jita su yi ƙasa-ƙasa, ko su bi da baki da tafi.

A fara da gudun kiɗa. Kowace waƙa a rubuta lambar gudunta tun wurin atisaye da manhajar ƙidayar bugu ta waya. A kunna ta a lambar waƙar farko, kowa ya tafa tare, a rage muryar wayar a ci gaba kamar daƙiƙa 30, a maido. Kusan kullum za a tarar an wuce ta, domin faɗuwar gaba tana sa abin da yake daidai ya zama kamar yana jan ƙafa. A maimaita har a dawo a same ta inda aka bar ta. Sannan a raba biyu: rabi suna tafa biyu, rabi suna tafa uku a cikin tazara ɗaya, a yi musaya. Kiɗan kalangu da yawa a kan wannan saƙar yake tafiya, kuma mai piyano da ya saba da bugun na'ura a situdiyo a nan yake tuntuɓe.

Sai amshi. Mai piyano ya ba da murya ɗaya, 'yan amshi su riƙe ta tare har ta zama kamar ta mutum ɗaya. Jagora ya jefa ƙarshen baiti, su cafe. Abin da ake nema shi ne su shaƙi numfashi tun yana kalmar ƙarshe, domin mai jiran ya gama kafin ya shaƙa ya riga ya makara.

Ba a bin waƙa daga farko har ƙarshe. Mashiga da mafita ake gwadawa, can ne ake faɗuwa. Wa zai fara, kalangu ko piyano? Wa zai ƙirga? A yi daƙiƙa 30 na farkon waƙa ta ɗaya sau 2, a yi ƙarshenta, a yi tsallakawa zuwa ta biyu. Waƙar buɗewa ta zama wadda kowa zai iya ko cikin barci, mai matsakaicin gudu, wadda ba ta kai jagora ƙololuwa. Idan akwai taken wani babba da za a kaɗa in ya shigo, mai kalangu ya buga shi sau ɗaya kowa ya ji.

A tsayar da alamu, kada su wuce 4: yatsa yana juyawa, a maimaita amshi, tafin hannu yana sauka, a yi ƙasa jagora zai yi kirari ko magana, hannu a sama, a ɗaga, dunƙulen hannu, wannan zagayen ne na ƙarshe. Idan liƙi ya kankama, waƙar minti 5 takan kai 15, kuma alamun nan ne ke hana rabin ƙungiya tsayawa rabi na tafiya. A faɗa wa mai gabatarwa kalmar da zai rufe da ita, wadda daga ita za a ɗauki kiɗa, don kada a bar ɗaki shiru ana kallon-kallo.

In an yi jinkiri, ko lokaci ya ƙure

Biki ba ya cika alkawarin agogo. An ce 8:30, amarya tana wurin kwalliya har 10:00. Ɗumin da aka yi yana hucewa, musamman a ƙarƙashin esi. Mawaƙa su zauna nesa da bakin na'urar, su yafa wani abu a wuya, makaɗa su sa hannu a aljihu ko hammata. Duk minti 20 zuwa 30 a ɗan yi "mmm" da bututu na minti 2. A sa yaro ɗaya a bakin ƙofa, da ya ga motocin amarya ya sanar, a sake taɓa saitin jita da goge, a tafa gudun waƙar farko sau ɗaya.

In kuwa ku ne kuka makara, minti 10 kacal ya rage, a raba shi haka: 3 a tabbatar kowane makirfo da kowace waya suna fitar da sauti, 2 a saita tsarkiya da duba maɓallin piyano, 3 na "mmm" da "brrr" ana girgiza hannu, 2 na mashigar waƙar farko. Sai a buɗe da kiɗa zalla na minti 2 ko 3, kalangu da bas su fara, sauran su shigo ɗaya bayan ɗaya, mai sauti yana daidaita kowa yayin da yake shigowa, jagora ya karɓi makirfo a ƙarshe.